Kwadirafonik ɗin Baba

A gidanmu na Tandabawi akwai ɗakin da na girma ina share bakin ƙofarsa amma ban taɓa share cikinsa ba. Ɗakin baƙin mahaifina ne, majalis kamar yadda muke cewa a nan Makka. Shi da kansa yake share shi, shi da ko kofin da ya sha shayi ba ya kawarwa daga gabansa. Ba don baƙi yake wannan wahalar ba, don injin da ke ciki ne.

Baba ya yi wa wani attajirin Jidda tuƙi tun yana saurayi. Attajirin ya sayo injin daga ƙasar waje a shekarun saba'in, ya yi yayinsa, ya gaji, ya ba direbansa. Akwatin ƙarfe ne mai nauyin tsiya, fuskarsa cike da maɓallai da 'yan allurai masu rawa idan sauti ya tashi, kuma ana ɗora masa faifan tef irin na da, mai faɗin faranti. Yana da lasifika huɗu na katako, kowace ta kai min ƙirji lokacin ina yarinya. Baba ya kafa biyu a kusurwoyin gaba, biyu a na baya, ya auna tsakiyar ɗakin da igiya ya dasa kujera ɗaya a wurin. Abin da ya raba injin da rediyo ko rikoda shi ne kowace lasifika da abin da take faɗa, ba ta maimaita na 'yar uwarta. Wanda ya zauna a kujerar nan sauti zai kewaye shi ta ko'ina, ya ji kamar yana tsakiyar wurin da aka ɗauki maganar. Wanda ya tsaya a gefe kuwa sai dai ya ji guntu. Kujerar ta Baba ce, sai baƙon da ya ga dama ya ara wa ita na ɗan lokaci.

Sunan injin kwadirafonik. Baba ko zo in kashe ka bai sani ba da Turanci, amma wannan kalmar ya riƙe ta gam, yana faɗinta gaɓa-gaɓa yana kallon fuskar mutum ya ga ko ta shige shi. Idan baƙo ya tambayi ma'anarta sai ya ɗaga yatsu huɗu ya ce sauti huɗu ke nan, ya ƙara da cewa ko a Jidda ba kowa ne ya taɓa jin kalmar ba. Yaran unguwa, da Larabci ya fi zama a bakinsu, Abu Arba'a, wato mai huɗu, suke ce wa injin. Gwaggo, yayar Baba wadda ta raine ni, mai baki huɗu take cewa, amma sai ta waiga ta ga ba ya kusa. Yayana, babban ɗan gidan, ya taɓa kuskuren ce masa rikoda a gaban baƙi. Marin da ya sha ranar, ni ma da nake tsakar gida sai da na dafe kuncina.

Ni injin bai taɓa burge ni ba. Faifai ɗaya nake so daga cikin waɗanda ke jere a kabad ɗin ɗakin. Ranar sunana Baba ya jona wa injin makirfo huɗu. Biyu ya bar su a majalis wurin maza, biyu ya ja musu doguwar waya ta tsakar gida, ɗaya ya rataye a ƙofar kicin inda mata ke girki, ɗayan a bakin ɗakin mai jego, wato mahaifiyata. Maza suka shiga lasifikokin gaba, mata suka shiga na baya. Ba a kai ga yaye ni ba mahaifiyata ta rasu. Ba ta bar hoto ba sai na takardar zama, wanda hatimi ya cinye rabin fuskarta. Duk duniya babu inda muryarta ta rage sai cikin faifan nan.

Gwaggo ce ta gaya min, kuma wani lokacin sai in ce da ma ta yi shiru. Ita ta sa min Hausa a baki lokacin da sa'o'ina ke mance ta, amma labari ba ya kwana a cikinta. Ta ce mahaifiyata mace ce mai surutu da dariya, ranar sunan kuwa bakinta bai rufu ba, ga shi ni ce auta, babu kunyar ɗan fari da za ta hana ta. Wai ta yi min waƙa, ta yi min kirari, ta yi ta tsokanar dangin miji har Gwaggo ta tsawata mata ta ce mai jego ba ta haka. Duk wannan makirfon na rataye a kanta yana kwasa. Tun ban fara azumi ba nake ɗauke da wannan labarin.

Kowace Juma'a bayan la'asar Baba zai shiga majalis ya murza makulli. Ni kuma in lallaɓa kicin in manna kunnena a bango. Ban taɓa tsintar kalma ɗaya ba, sai wani gunji ta cikin siminti. Zai fito idonsa ja, ya nemi wanda zai huce a kansa, kuma yawanci ni ce a kusa. Na roƙe shi ina budurwa, ya ce ban isa ba tukuna. Na sake roƙonsa ana gobe za a kai ni gidan miji, ina durƙushe da lalle a hannu, ya ce ba lokacin wannan ba ne. Bai taɓa cewa a'a ba, da na haƙura tun tuni.

Aurena bai yi ƙarko ba. Na dawo gida a farkon shekarun dubu biyu da goma. Lokacin Gwaggo ta riga mu gidan gaskiya, Baba ya tsufa, ciwon suga ya kama shi. Yaya yana unguwar Zahir da iyalinsa. Yakan zo ranar Juma'a da ledar lemo da ayaba, ya sumbaci kan Baba, ya zauna tsawon shan shayi ɗaya, ya tafi da albarka fal aljihu. Ni ce mai allura safe da yamma, mai girki lami, mai yanke farce, mai wanke abin da ba a faɗa. Ban yi don a ba ni komai ba, uba ne. Amma ƙarya nake in na ce ban sa rai ba. Duk Juma'ar da na ji ƙarar makullin nan sai in ce a raina yau kam zai tuna wadda ta kwana tana matsa masa ƙafa.

Wata Juma'a sai ya kira ni daga majalis. Na zaci ruwa yake so. Na tsaya a bakin ƙofa yadda na saba, ya ce in shigo, ya nuna min kujerar. Na je na zauna a ɗosane. Kujerar ta lotsa daidai jikinsa, tana warin turaren da yake shafawa. Ya juya min baya yana zura tef a hankali ta tsakanin 'yan ƙarafuna, kuma hannun nan da ke karkarwa in zai ɗauki cokali ranar ko gezau bai yi ba. Na rufe ido. Na ja wa kaina kunne kada in yi kuka da ƙarfi in danne muryarta.

Sai na ji jirgin ƙasa. Ya taso ta gabana daga hagu, ya wuce dama, ya zagaya ta bayana har tsikar jikina ta tashi, ya dawo inda ya faro. Bayansa ruwan sama da tsawa, bayan wannan wasu mutum biyu suna buga 'yar ƙwallo a kan tebur tana tsallake kaina. Faifan gwaji ne da ya zo tare da injin, wanda yake sa wa baƙi su yi ta salati. Da na buɗe ido yana tsaye a gefe ya harɗe hannu yana kallon fuskata. Ya san abin da na zauna jira, ya sani sarai.

"To, yau kin ji kwadirafonik," ya ce. "Tashi ki ɗora min shayi."

Na ɗora. Na tsaya a kan butar, kuma ranar na fara sanin cewa mutum zai iya tsanar wanda yake yi wa addu'a a bayan kowace sallah. Na kai masa shayin, ya kurɓa ya ce ya yi sanyi.

Ba a jima ba aka zo unguwarmu da jan fenti. Ma'aikata suka bi gida-gida suna rubuta lamba a bango, za a rushe don hanya za ta wuce. Maƙwabtan da muka tashi tare suka fara ɗaure kaya, wasu suka nufi Zahir, wasu can bayan gari. Yaya ya nemo mana wuri a unguwar Ka'akiyya, shugga, wato 'yan ɗakuna a hawa na biyu na wani bene, ɗaki biyu da falon da in ka miƙe ƙafa ka taɓa bango. Ranar da ya zo da labarin ya shiga majalis kai tsaye ba tare da an ce ya shigo ba, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya yana ƙare wa lasifikokin kallo.

"Ya Baba, halas, wannan rikodar ba ta da wuri a can," ya ce. "A juye faifan sunan nan a jawwal, kowa ya samu a wayarsa, har 'yan Kano."

Na jira in ga abin da zai biyo bayan kalmar rikoda. Baba ya dubi hannunsa da ke kan cinyarsa. Can ya ce to, a juye. Saurin amincewar ya kamata ya ba ni tsoro, amma murna ta rufe min ido. Na shige ɗakina na yi sujada, ina yi wa masu jan fenti addu'ar alheri, ni da za su rusa gidan da aka haife ni. Lissafina shi ne in faifan ya shiga waya, babu makullin da zai sake raba ni da uwata.

Akwai wani shago a Zahir da ke juye tsofaffin kaset da bidiyon biki. Baba ya ce da kansa zai kai faifan. Ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a, ya zauna a gaban motar Yaya ya rungume kwalin a cinya. Na ɗauko abayata zan bi su, ya ce in zauna in naɗe kwanuka, aiki ya fi yawo. Na naɗe kwanukan ina 'yar waƙa. Da suka dawo Yaya ya ce mai shagon yana da aiki da yawa, sai bayan mun tashi zai turo.

Ranar tashi masu sayen tsohon ƙarfe suka zo da 'yar motarsu. Gidanmu a kan tudu yake, sai an bi matattakala ake sauka titi. Suka jawo lasifikokin suna buga su a kowane hawa, ɗaya ta kuɓuce musu ta gangara ta fashe, wata tsohuwar auduga mai ƙura ta fito daga cikinta. Baba yana zaune a bakin ƙofa a kan kujerar, ita kaɗai ya ce a bar masa, ko juyawa bai yi ba. Na ji tausayinsa ranar, har na matso na tsaya kusa da shi. Sai ya miƙo min wata baƙar leda da aka ƙulle bakinta, ya ce in saukar da ita bolar baladiyya, wato ta hukumar gari, da ke bakin titi. Shara dai kullum ni ke zubarwa. Na karɓa, na sauka, na cilla ta a kan tulin katifu da karyayyun kujerun maƙwabta, na dawo na ci gaba da ɗaurin kaya.

Muna Ka'akiyya, kwalaye ko kwancewa ba mu gama ba, Yaya ya saki abin a zauren dangi na waya. Da rana ne, Baba yana barcin ƙailula. Na yi alwala kamar mai shirin sallah, na rufe ƙofa, na sa abin saurare a kunne. Na ji kakana da ban taɓa gani ba yana gyaran murya. Na ji ƙarar kofunan shayi, da liman yana addu'a, da wani yana ƙorafin cewa ragon bai yi ƙiba ba, da Baba, muryarsa cike da ƙuruciya, yana gaya wa mutane kada su taɓa wayoyin. Na ce a raina yanzu za a zo kan matan. Aka ci, aka sha, aka yi fatiha, aka watse, sautin ya ƙare. Na dawo farko na sake bi, na ƙure ƙara har kunnena ya yi zafi. Babu mace ko ɗaya, babu kicin, babu waƙa, babu kukan jaririya.

A zauren kuwa ana ta biki. 'Yan uwa na Kano suna turo saƙon murya suna kuka sun ji kakansu, ana ta sa wa Yaya albarka, wai ya ceto tarihin gida. Na kira shi na ce masa babu matan. Ya ce bai ma lura ba. Na tuna masa cewa uwarsa ce shi ma. Ya ce shi ya san muryarta, ya ji ta har ya shiga makaranta, kuma me mata ke faɗa a wurin suna in ban da hayaniya. Ya ce in yi sabur, wato haƙuri, in gode wa Allah da abin da aka samu, yana kan tuƙi ne. Ya kashe wayar kafin in gaya masa abin da ya zo min baki, kuma gara da ya kashe.

Washegari na bar wa Baba abincin rana a rufe na hau tasi zuwa Zahir. Mai shagon wani magidanci ne mai furfura a gemu, yana cin gurasar tamis da wake a bayan kanta. Ya tuna tsohon da ya zo da faifan faranti, don ba a cika kawo irinsa ba. Ya ce faifan layi huɗu ne da shi, injinsa kuwa layi biyu yake karantawa a lokaci guda, shi ya sa ya fara da na gaba. Ya ce ya gaya wa tsohon akwai sauran biyu, in ya kife faifan za su fito, sai dai ta baya, daga ƙarshe zuwa farko, amma kwamfuta za ta miƙar da su ba wata wahala. Har ya kife ya kunna don ya nuna masa. Muryoyin mata suka cika shagon, ga mutane a tsaye suna jiran aikinsu. Tsohon ya kai hannu ya danne faifan yana cikin juyawa, ya ce na gaba sun isa. Yaya yana waje yana waya, bai san an yi ba. Aka gama, tsohon ya karɓi faifansa ya tafi da shi.

Na tambayi mutumin yadda muryar take, wadda ta fi kusa da makirfo. Ya ɗan yi tunani, ya ce wallahi ba zai iya cewa ba, magana ta baya ba ta kama da ta mutane, kuma bai fi ƙiftawar ido ba. Ya ce yana jin dai kamar akwai dariya. Na tsaya ina kallon wannan bawan Allah da man wake a yatsu, wanda bai haɗa komai da mu ba, amma ya ji uwata ni ban ji ba. Na yi masa godiya, don ba shi ya yi min laifi ba. Ya ce in kawo faifan ko yaushe, zai fitar min da layin matan.

Na koma gida da ƙarfina. Na zazzage kwalayen Baba ɗaya bayan ɗaya, na duba ƙarƙashin katifarsa, na laluba aljihunan jallabiyoyinsa. Yana zaune a kan kujerarsa da aka matse a lungun falo, yana kallona yana jan carbi, bai tambaye ni abin da nake nema ba. Da na gaji na durƙusa a gabansa na ce ya ba ni faifan, kwana ɗaya kawai, zan dawo masa da shi.

"Wane faifai kuma? Ai ke kika zubar da shi da hannunki."

Ban gane ba sai da ya ce baƙar leda. Ya gaya min, ba tare da ya ɗaga murya ba, cewa ya warware tef ɗin ya bi shi da almakashi kafin ya ƙulle. Ya ce tun da ya ji muryar matarsa ta tashi a shago a gaban ƙattin banza ya san abin da zai biyo baya, za ta shiga aljihun kowane namiji daga Makka har Kano, direba ya kunna ta a mota, yaro ya kunna ta a bakin titi. Ya ce tana raye bai bar wani namiji ya ji dariyarta ba in ba dole ba, ba zai fara ba don ta mutu. Na ce ni 'yarta ce, ba ƙaton banza ba. Ya ce waya ba ta san 'ya ba. Na ce to duk shekarun da injin ke gida fa, da babu waya, babu shago, sai ni da shi da makulli? Ya duba agogon bango ya ce lokacin allurarsa ya wuce.

Na yi masa allurar. Ban taɓa fasa ta ba, ko a kwanakin da suka biyo baya da na daina yi masa magana in ban da gaisuwa. Har yau ban sani ba ko da gangan ya zaɓe ni in kai ledar nan bola, ko kuwa ni ce dai mai zubar da shara ya miƙo ba tare da tunani ba, kuma ban san wanne ya fi ciwo ba. Na koma Tandabawi duk da na san banza ne. Babu bolar, babu matattakalar, sai ƙura da motocin rusau, wani mai gadi ya ce min an hana wucewa. Na kai ƙara wurin Yaya, ya ce Baba yana da hujja a addini, kuma tsoho ne, kada in ɗaga masa hankali sugansa ya hau. Matarsa ta aiko min da kwanon basbusa, kayan zaƙin Larabawa, wai in yi haƙuri, na bayar da shi ga mai gadin benenmu.

Abin da ya rage min shi ne layin mazan, kuma na saurare shi har na haddace tarin kakana. A nan ne na tsinci wani wuri. Bayan liman ya faɗi sunana an shafa fatiha, sai a ji Baba ya ɗan yi nesa da makirfo, da alama ya je bakin ƙofa, ya ɗaga murya ta tsakar gida ya ce, "Mai jego, kin ji sunan 'yarki?" Daga nan sai ɗan tsaiko. Ba shiru ba ne sosai, akwai ƙarar kofi, akwai mai tari, kuma can ƙasa akwai wani ɗan amo da ba ya kamuwa. Sannan Baba ya fashe da dariya, dariyar da ban taɓa sanin yana da ita ba, har da buga ƙofa da tafin hannu, mazan da ke kusa da shi suka taya shi. Ta ba shi amsa ke nan, kuma amsar a kaina ce.

Na kai wurin ga mai shagon ya ƙara masa ƙarfi, ya tace, ya yi iya yinsa, sai shuuu kawai ke fitowa. Na nemi waɗanda suka halarci sunan, yawancinsu sun rasu. Na samu wani tsohon maƙwabcinmu da ya koma wurin ɗansa, na kunna masa, ya yi murna ya ji muryarsa, ya ce amma wa zai riƙe abin da mai jego ta faɗa shekara da shekaru. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya san amsar, wanda ya ji ta kowace Juma'a tun ina tsumma, kuma ni ce nake juya shi a gado kada bayansa ya yi gyambo.

Don a lokacin ya kwanta, kwanciyar da bai tashi ba. Ƙafarsa ta ƙi warkewa, idonsa ya dushe, ya rame har ina iya ɗaga shi ni kaɗai. Faɗan ya ragu, wani lokacin har yakan ce sannu in na gyara masa matashi. Na ga kamar ciwo ya tausasa shi. Wata ranar Juma'a bayan la'asar na gama shafa masa mai a ƙafa, na zauna a bakin gadon na ce zan sa masa wani abu ya ji. Bai hana ba. Na saƙala masa abin saurare a kunne ɗaya, na sa ɗayan a nawa, na kai daidai wurin.

Muryarsa ta ƙuruciya ta yi kiran mai jego. Da tsaikon ya zo na dube shi, sai na ga leɓɓansa suna motsi. Yana bin maganarta ne, kalma bayan kalma, ba sauti, kuma ya gama daidai lokacin da dariyar ta tashi. Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shige kunne. Na matso da fuskata kusa da bakinsa na sake kunnawa, ya sake bi, amma leɓɓan tsoho marar haƙori ba sa karantuwa. Na riƙe hannunsa da hannuna biyu.

"Baba, don girman Allah, me ta ce? Ba na son komai, wannan kaɗai."

 Ya juyo da idonsa da ba ya gani sosai, ya sauke shi a kaina.

"Ba da ke take ba," ya ce. "Da ni take."

Ya zare abin daga kunnensa ya miƙo min, ya ce in rage sanyin ɗakin in ja masa bargo.